Ƙasar Lungunan Dutse, Inda Ruwa Ke Cin Mutum Da Rana Tsaka

Masu karatu, idan aka ambaci hamada, abin da ke fara faɗo wa mutum a rai shi ne ƙishirwa. To, akwai wata hamada can kudu maso yammacin ƙasar Amurka, a kan iyakar jihar Yuta da ta Arizona, wadda masu shiga cikinta suke tsoron ruwa fiye da yadda suke tsoron rashinsa. Yankin ana kiransa Tudun Kolorado, faɗinsa kuwa ya kai murabba'in kilomita 337,000, wato ya fi ƙasar Ghana girma nesa ba kusa ba. Garin Page da ke cikin wannan yanki ba ya samun ruwan sama milimita 200 a shekara. Amma duk da haka ruwa ne ya sassaƙa ƙasar, shi ne kuma yake cin mutane a cikinta, wani lokaci ma da rana tsaka, alhali babu ko ɗigo da ya faɗi a kansu.

Abin da ke jan jama'a zuwa can iri biyu ne. Na farko falalen dutse ne, ja da fari da ruwan ɗorawa, a shimfiɗe iyakar ganin ido, wani wuri kamar an kikkife ƙoƙuna, wani wuri kamar an jibge tabarmi a kan juna. Na biyu kuwa matsattsun kwazazzabai ne, waɗanda ni dai ban ga sunan da ya fi dacewa da su a Hausa ba sai lungu. Ka ɗauki lungu mafi matsi a tsohuwar unguwarku, irin wanda mutum biyu ba sa giftawa sai ɗaya ya karkace. Ka ɗaga katangunsa su kai tsawon bene mai hawa talatin, ka toshe duk ƙofa da taga, sa'an nan ka ja shi ya yi kilomita ashirin yana lanƙwasa. To, ka samu lungun da ake kira Buckskin Gulch, ɗaya daga cikin mafiya tsawo a duniya.

Masana ilmin duwatsu sun ce kimanin shekara miliyan 180 zuwa 190 da suka wuce wannan wuri tekun rairayi ne irin na Tenere, har ana lissafa shi cikin mafiya girma da aka taɓa yi a doron ƙasa. Tuddan rairayin suka yi ta hawa kan juna, nauyi ya danne na ƙasa, ruwan ƙarƙashin ƙasa ya ratsa su ya bar musu ma'adinan da suka manne ƙwayoyin yashi, sai duk abin ya daskare ya zama dutse. A gandun Zion kaurin wannan dutse ya haura mita 600. Jan launin nan kuwa tsatsa ce ta ƙarfen da ke jikin yashin. In ka duba bangon da kyau za ka ga layuka a karkace, wasu sun yi hagu wasu sun yi dama. Wannan ba kome ba ne illa gefen tudun rairayi kamar yadda iska ta kwantar da shi a wancan zamani. Wanda ya taɓa zuwa Enedi a ƙasar Cadi ya ga dangin wannan dutse, da irin kwazazzabansa.

Yadda lungun ke samuwa kuwa shi ne, falale ba ya shan ruwa. Duk abin da ya sauka a kansa gangarawa yake yi nan take, ya taru a tsagi ɗaya, ya kwashi yashi da tsakuwa da manyan duwatsu. Wannan gauraye shi ne zarton da ke yanka dutsen. Dutsen yana da taushin da zai yanku, amma yana da ƙarfin da bangonsa ba zai rufta ba, don haka sai yankan ya yi ta zurfi ba tare da ya yi faɗi ba.

Ɗan ƙanwata da ke karatu a wata jami'a a Yuta shi ne ya sa sunana cikin wata tawagar masu tafiyar ƙasa, a ƙarshen watan Satumban bara. Irin waɗannan ƙungiyoyi sun yi yawa a can: ma'aikata da 'yan fansho da ɗalibai sukan haɗa kai, su haɗa kuɗin mai da na abinci, su shiga jeji kwana uku ko huɗu. Ga mu da muka tashi muna tafiyar ƙasa don dole, abin da ban dariya a ce mutum yana da mota ya ajiye ta, har ya biya kuɗi don ya sha wahala. Amma gani ya kori ji.

Mu tara ne, domin doka ba ta yarda tawaga ta wuce mutum 10 a wannan yanki ba. Masu niyyar kwana a ciki ma mutum 20 kacal ake bai wa izinin shiga a rana, kuma sai an nemi takardar ta intanet tun watanni kafin lokaci. Madugunmu mace ce, tsohuwar malamar makaranta, siririya, ta haura sittin, magana ba ta dame ta ba. A daren farko a garin Kanab ta sa kowa ya zazzage jakarsa a gabanta. Ta ƙirga ruwan kowa, lita huɗu ga mutum ɗaya a kowace rana, wanda nasa bai kai ba ta tura shi kanti. Ta rubuta sunayenmu da hanyar da za mu bi da lokacin da ya kamata mu fito, ta bar takardar a hannun wani a gari, da umarnin ya kira masu ceto in lokacin ya wuce. Ta naɗa jagaba wanda ba mai wuce shi, ta naɗa mai rufe baya wanda ba ya barin kowa a bayansa. Har agogo sai da ta daidaita mana, saboda a wannan lokaci na shekara Yuta tana gaba da Arizona da awa ɗaya, wayar hannu kuwa in tana kusa da iyaka sai ta riƙa tsalle tsakanin lokutan biyu.

Daga ƙarshe ta raba wa kowa wata leda mai ɗan garin magani a ciki. Na dubi yaron nan na ce ta mene ce. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Kawu, ta bayan gida ce. A cikin lungun ba a barin kome, duk abin da mutum ya shiga da shi da shi zai fito." Na yi shiru. Daga baya da na ga wurin na gane hikimar abin: ƙasar lungun yashi ne siriri, rana ba ta kai masa, kuma nan ne kowa ke takawa, nan ne ruwa ke bi.

Ranar farko a kan falale muka yi ta, gabas da Kanab. Sunan da Turawa suka ba wannan dutse ma'anarsa dutse mai santsi, amma sunan yaudara ne. Mutanen farko da suka zo da dawaki masu takalmin ƙarfe su ne suka sha zamewa a kansa. Takalmin roba kuwa kama shi yake yi tamkar sanfefa, har mutum ya hau gangaren da in a ido ne zai rantse ba ya hawuwa. Matsalar falale ita ce ba ya riƙe sawu. Mutum dubu za su bi ta wuri ɗaya, ba za ka ga alamar ko ɗaya ba. Abin da ake bi shi ne 'yan tsibin duwatsu da aka jera nesa da juna, in ka isa wannan sai ka tsaya ka hango na gaba kafin ka ɗaga ƙafa. Ko'ina kuma kama yake da ko'ina. Shi ya sa madugu takan tsayar da mu bini-bini ta ce kowa ya waiwaya, ya ga yadda hanyar take ta baya, don haka za ta bayyana a lokacin dawowa.

Ba nisa da inda muke akwai wani shahararren wuri da ake kira The Wave, inda dutsen ya yi kama da igiyar ruwa da ta daskare. Ƙuri'a ake jefawa kafin a shiga, kuma tun 2021 mutum 64 ake bari a rana, a da ma 20 ne. Ƙuri'ar ba ta faɗo kanmu ba. A watan Yuli na 2013 mutum uku suka mutu a hanyar wannan wuri saboda zafi. Dutsen yana shan rana tun safe, da azahar ya riƙa mayar da ita, sai mutum ya zama kamar gurasa a tanderu, wuta sama wuta ƙasa, inuwa kuwa sai 'yar wadda guntun itace ya yi a tsagin dutse.

Abu biyu suka ba ni sha'awa a wannan rana. Ɗaya gurabe ne a kan falalen, kamar turame, masu riƙe ruwan sama. In ka durƙusa ka leƙa za ka ga ƙananan halittu suna iyo, waɗanda ƙwansu ke iya kwanciya cikin busasshiyar ƙura shekara da shekaru yana jiran ruwa. An hana mu ko tsoma hannu. Ɗayan kuwa wani baƙin ɓawo ne mai gudaji-gudaji da ke kan yashi a tsakanin duwatsu. Na ɗauka ƙonanniyar ƙasa ce, ashe abu ne mai rai, ƙwayoyin halitta ne suka saƙa kansu suka riƙe yashin don kada iska ta kwashe shi, suna kuma ba ƙasa taki. Taku ɗaya ya isa ya farfasa shi, kuma kafin ya koma yadda yake sai an yi shekaru gommai. Saboda haka a kan dutse ake taku, ko a cikin yashin ƙorama. Jagabanmu ya fi tsananta wannan doka fiye da kowace.

Rana ta biyu ita ce babbar rana. Shirinmu shi ne mu shiga ta wani ƙaramin lungu mai suna Wire Pass, mu faɗa Buckskin Gulch, mu bi shi har inda ya haɗu da kogin Pariya, mu kwana a can, washegari mu fito ta sama, tafiyar kimanin kilomita 34. Tun da asuba muka bar kwalta muka bi hanyar burji ta kilomita 13. Muna isa, gari ya waye tas, sama shuɗiya fes. Sai madugu ta tara mu ta ce babu kwana. Ta ce kafin mu bar gari ta duba hasashen yanayi, ana sa ran hadari da yamma a kan tsaunukan arewa, wajen Bryce. Za mu shiga, amma ƙarfe 10 na cika za mu juya, ko ina muka kai.

Wani daga cikinmu, injiniya ne, wanda ya ɗauki hutu ya tuƙo mota kwana biyu saboda wannan tafiya, ransa ya ɓaci ƙwarai. Ya nuna sama ya ce ina hadarin. Ya ce wata huɗu yana jiran wannan takarda. Wasu biyu suka fara goya masa baya. Ita kuwa ba ta ɗaga murya ba, ta ce takardar izinin da sunanta aka rubuta, kuma ba saman da ke kanmu take dubawa ba. Ta saɓi jakarta ta yi gaba.

Kilomita biyu na farko busasshiyar ƙorama ce mai faɗi. Sannu a hankali gaɓoɓinta suka fara tashi, suka matso, kafin ka ankara kafaɗunka biyu suna gogar dutse. Sanyi ne ya fara tarbarmu, irin na randa, har sai da na jawo rigar sanyi. Akwai wani wuri da ƙasa ta yanke, zurfinsa ya fi tsawon mutum, an kafa tsani na katako. Nan aka fara ganin amfanin yawa: jagaba ya sauka, aka riƙa miƙa masa jakunkuna ɗaya bayan ɗaya, sa'an nan mutane, wani na riƙe tsani wani na nuna wa na sama inda zai sa ƙafa. A mahaɗar lungunan biyu wurin ya buɗe, a jikin bango kuma ga zanen ragunan dutse masu manyan ƙahoni, waɗanda mutanen ƙasar na dā suka ƙwanƙwasa tun ɗaruruwan shekaru kafin zuwan Turawa.

Daga nan muka karya dama muka shiga Buckskin. Jama'a, wannan wuri ya wuce a kwatanta shi. Bangon ba a miƙe yake ba, murɗe yake kamar an murza yadi, santsi kamar cikin tukunya. Sama ta koma zare siriri, wani wuri ma ba ka ganinta sam. Hasken da ke isowa ƙasa ba kai tsaye yake zuwa ba, sai ya bugi wannan bango ya koma wancan, ya iso da launin garwashi, can ƙasa kuma ya koma shuɗi-shuɗi. Kowa ya rage murya ba tare da an ce ya rage ba. Muka ratsa kududdufai biyu, ɗaya iya gwiwa ɗaya iya ƙugu, ruwan kamar kunu don laka, sanyinsa har cikin ƙashi, domin rana ba ta taɓa ganinsa. Jagaba ke fara shiga da sanda yana laluben zurfi, sauran kuma su bi sawunsa, kowa da jaka a ka kamar masu tsallake rafi ranar kasuwa. An kuma gargaɗe mu da duba inda za mu dafa, don macijin nan mai kacau-kacau a wutsiya yakan faɗo daga sama ya kasa fita.

A wani lanƙwasa madugu ta tsaya ta nuna sama da sandarta. Can bisa kanmu, tsayin da ya fi na gidan bene, ga wani ƙaton gungume a gicciye, ya maƙale tsakanin bango da bango. Babu itace irin wannan a ko'ina kusa. Ruwa ne ya ɗauko shi daga nesa, kuma inda yake ɗin nan, nan ne saman ruwan ya kai a ranar. Muka tsaya muna kallonsa. Na duba hagu na duba dama, babu inda ɗan yatsa zai kama. A duk tsawon Buckskin mafita ɗaya ce a tsakiyar hanya, ita ma hawanta sai gwani.

Wanda ya san kori a Agadas ko mayo a Marwa ba sai an yi masa dogon bayani ba. Yara na wasa a cikin yashi, mata na tonon ruwa, sai ga ruwa ya taho daga tsauni inda aka yi hadarin da ba wanda ya gani. Mutanen Agadas ba su manta da watan Satumba na 2009 ba, lokacin da korin Telwa ya shiga gari ya rushe gidaje masu ɗimbin yawa. Bambancin kawai shi ne, a kori kana da gaɓa, taku ashirin ka tsira. A lungu ruwan da zai cika faɗin kori shi ne ake tura shi ta wurin da bai fi faɗin ƙofa ba, don haka sama yake yi. Ƙoramun da ke zuba cikin Buckskin kuwa sun faro ne tun daga tsaunukan arewa, kilomita gommai daga inda muke tsaye. Masu sanin wurin sun ce alamominsa su ne iska ta taso farat ɗaya, a ji warin jiƙaƙƙiyar ƙasa, sai ruri kamar na jirgin ƙasa. Abin da ke gaba kuma ba ruwa ne tsantsa ba, caɓi ne da itatuwa da duwatsu.

Ranar 12 ga Agusta, 1997, wata tawagar 'yan yawon buɗe ido tana cikin lungun Antelope na ƙasa, kusa da Page. Ruwan da ya sauka a wurin bai taka kara ya karya ba, amma an yi hadari mai ƙarfi kilomitoci daga sama. Ambaliya ta riske su a ciki, ta tafi da tsanukan katakon da ake fita da su. Mutum 11 suka mutu, bakwai daga cikinsu Faransawa ne. Mai yi musu jagora ne kaɗai ya tsira.

Na biyun ya fi tsaya mini a rai, domin tawaga ce irin tamu. Ranar 14 ga Satumba, 2015, abokai bakwai, shida daga Kalifoniya ɗaya daga Nebada, dukansu 'yan hamsin da wani abu, mutanen da suka saba tafiyar jeji tare, suka karɓi izinin shiga lungun Keyhole a gandun Zion. Gajeren lungu ne da ake ɗauka na masu koyo. Da safe an shaida musu cewa akwai yiwuwar ambaliya. Da rana gargaɗin ya tsananta har aka rufe lungunan gandun, amma babu hanyar isar musu da saƙo. Suka shiga da yamma, suka sauka da igiya, inda in ka sauka babu komawa. Babu wanda ya fita da rai. A wannan rana ce kuma ruwa ya tafi da motoci biyu a garin Hildale da ke kusa, ya kashe mata da yara fiye da goma.

Ana cewa sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, kuma a kan tsani ko a cikin kududdufi haka ne. Amma ni a ganina yawa yana da nasa haɗarin. Mutum tara da suka kashe kuɗi, suka yi tafiya mai nisa, kowa yana jin nauyin ya zama shi ne matsoracin da zai ce a koma. Kowa sai ya dubi fuskar ɗan'uwansa, ya ga bai damu ba, shi ma ya haɗiye tasa damuwar, alhali wancan ma fuskarsa yake kallo. Abin da madugunmu ta yi shi ne ta ɗauke wa kowa wannan nauyi tun a bakin hanya: ta yanke lokacin juyawa tun ba a shiga ba, ta kuma yarda a ji haushinta. Fatake na dā sun san wannan, shi ya sa ayari ba ya tashi da madugu biyu.

Ƙarfe 10 na bugawa, muna tsakiyar wuri mafi kyau da muka gani, ta ce a juya. Muka juya. Kafin azahar muna bakin motoci. Da la'asar gajimare ya taru can arewa ya yi baƙi ƙirin, muna hangen walƙiya, amma daga baya muka ji cewa ruwa bai bi ta Buckskin a ranar ba. Injiniyan nan bai bar maganar ta wuce ba, a wurin cin abincin dare ya ce da mun bi ta tasa da yanzu muna kwance a bakin Pariya. Madugu ta ce gaskiya ne, ta ci gaba da cin abincinta. Ɗan ƙanwata ya matso ya ce mini a hankali, "Kawu, a 2023 wannan lungun ya ci mutane, kuma ba baƙin jeji ba ne." Ni dai ko gobe aka sake, bayanta zan bi.

Kada kuma wani ya ce to gara tafiya shi kaɗai. Labarin Aron Ralston sananne ne. A watan Afrilu na 2003 ya shiga lungun Bluejohn a Yuta shi ɗaya, bai gaya wa kowa inda za shi ba. Wani dutse mai nauyin kilo 360 ya gangaro ya danne masa hannun dama a jikin bango. Kwana biyar yana nan, ruwansa ya ƙare, daga bisani ya karya ƙashin hannun ya yanke shi da 'yar wuƙa, ya sauka da igiya ya kama tafiya har ya gamu da mutane. An yi fim a kansa a 2010, ana yaba jarumtakarsa. 'Yar takardar da madugunmu ta bari a Kanab ita ce abin da ya rasa.

Rana ta uku muka zagaya zuwa garin Escalante, muka bi wata hanyar burji mai gargada kilomita 42 zuwa wasu ƙananan lunguna biyu, Peek-a-boo da Spooky. Gajeru ne, ana ganin saman da ke shayar da su, don haka hankali a kwance. Nan ne muka sha dariya. Shiga na farkon sai an hau bango, wani ya durƙusa a taka cinyarsa, na sama ya miƙo hannu. Na biyun kuwa akwai inda faɗinsa bai wuce santimita 25 ba. A karkace ake tafiya, jaka a hannu, kai a juye gefe ɗaya, maɓallin riga na karce dutse. Mai tumbi sai ya fitar da numfashi kafin ya wuce. Injiniyan nan da ya wuni yana fushi jiya, shi ne ya tsaya a wuri mafi wuya yana karɓar kowa, har da madugu.

Ita wannan hanyar burji tana da tarihi. A ƙarshen 1879 wani ayari na mabiya ɗariƙar Momon, mutum kimanin 250 da kekunan dawaki kusan 80, suka biyo ta nan za su kafa sabon gari a kudu maso gabashin Yuta. Sun yi tsammanin tafiyar mako shida ce, sai ta zama ta wata shida. Da suka iso bakin kwazazzabon kogin Kolorado babu hanyar sauka sai wani tsagi a jikin dutse. Suka yi makonni suna faɗaɗa shi da albarushi da diga, ranar 26 ga Janairu, 1880 suka fara zurara kekunan ta cikinsa, an ɗaure ƙafafun kekunan, maza kuma suna riƙe da igiyoyi ta baya. A watan Afrilu suka isa bakin kogin San Juan suka kafa garin Bluff, ba su rasa rai ko ɗaya a hanya ba. Ƙasan wannan tsagi yanzu ruwan tafkin Powell ya shanye shi, tun bayan da aka datse kogin a 1963.

A hanyar komawa muka biya ta Page don mu ga Antelope, wanda shi ne hotonsa ya cika kalandu da fuskar kwamfutoci. Yana cikin ƙasar ƙabilar Nabaho, su ke da ikonsa, kuma ba a shiga sai da ɗan jagora da suka amince da shi. Kyau kam babu na biyunsa, amma bayan shirun Buckskin sai na ji kamar na shiga kasuwa: tawaga na bin tawaga, kowa waya a sama, ɗan jagora na cewa a matsa gaba. Sai dai ban ga laifinsu ba, ƙasarsu ce, abincin iyalai da yawa kuma daga nan yake fitowa. Tsanukan katako na dā an maye gurbinsu da matakalan ƙarfe da aka kafe a jikin dutse, akwai rediyon hasashen yanayi da jiniya a bakin shiga, kuma da zarar an hango hadari a sama sai a rufe wurin, a sallami masu jira. A gefen hanya kafin a sauka akwai wani ɗan allo da aka kafa, ɗauke da sunayen mutum 11 na shekarar 1997. Ɗan jagoranmu, wani matashi Banabahe, ya tsayar da mu a gabansa na ɗan lokaci, sa'an nan ya ce kowa ya sa wayarsa a aljihu, ya juya baya, ya kama ƙarfen da hannu biyu kafin ya fara sauka.